An sa ƙarfe a zuciya, jijiyar kuma ta sake tsukewa: gado ne ko me?

Yanzu a Kaduna ba baƙon abu ba ne ka ji an ce wane ya je Abuja ko Legas ko Masar ko Indiya an sa masa ƙarfe a zuciya. Sitent kenan, ɗan ƙarfe mai raga da faɗinsa bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba, a zura shi ta jijiyar wuyan hannu ko ta gindin cinya har ya kai jijiyar da ke ba zuciya jini, a hura ɗan balan-balan a cikinsa ya buɗe ya tokare wurin da kitse ya tsuke, a zare balan-balan ɗin a bar ƙarfen a nan har ƙarshen rayuwa. Da can sai masu hali, yanzu har ɗan fansho 'yan uwa kan yi karo-karo a kai shi. Mutum ya dawo gida ana ta zuwa barka da arziki, kowa ya ɗauka magana ta ƙare. To a wurin mafi yawan mutane kam ta ƙare ɗin, amma akwai waɗanda bayan wata shida ko shekara sai nauyin ƙirjin nan ya dawo, ya hau bene yana haki, tafiya masallaci ma sai ya tsaya a hanya ya huta, a koma a duba a ga cikin ƙarfen ne da kansa ya sake tsukewa.

Da zarar haka ta faru maganar da za ka fara ji a gida ita ce ai gado ne, jininsu ne. Kuma tunda mu nan duk mun san gwajin jinotaif kafin aure, AA, AS, SS, sai mutane su ɗauka wannan ma haka yake, wai akwai wani tes da za a yi a ce kai jininka na masu sake toshewa ne, kai kuma naka lafiya lau. Ni abin da nake so in ce shi ne gado yana da hannu, amma ba irin hannun da muke zato ba, kuma inda ya fi yin tasiri a zahiri ba ma a jikin jijiyar ba ne, a hanta ne. Zan zo nan.

Da farko dai me ke faruwa a cikin ƙarfen? Mutane na zaton kitsen da aka danne ne ya dawo. A watannin farko ba shi ba ne, tabo ne. Lokacin da aka hura balan-balan an ji wa bangon jijiyar rauni, dole ne, ba yadda za a buɗe ta ba a tsage ta kaɗan ba, ga kuma baƙon ƙarfe an bari a wurin. Jiki sai ya tashi gyara, kumburi ya zo, ƙwayoyin tsoka da ke tsakiyar bangon jijiyar su taso su yo ciki suna hayayyafa suna shimfiɗa sabon nama a kan ƙarfen. Kaɗan daga cikin wannan naman ana son shi, shi ke lulluɓe ƙarfen jini ya daina haɗuwa da shi kai tsaye. In ya yi yawa ne ake samun matsala, hanyar ta ƙanƙance, kuma likitoci na ƙirga shi a sake tsukewa in ya cinye rabin faɗin jijiyar ko fiye. Duk wanda ya taɓa ganin 'yan mata biyu da aka huda wa kunne rana ɗaya a wuri ɗaya, ta farko ta warke sumul ta biyu kuma tsiro ya fito mata a bayan kunne, ya san jiki da jiki ba ɗaya ba ne wajen warkar da rauni. Ba wai mai tsiron kunne ita ce za ta samu matsalar sitent ba, a'a, kawai dai tambayar iri ɗaya ce, me ya sa jikin wani yake wuce gona da iri wajen gyara.

Tarihin abin ma duk faɗa ne da wannan tabon. A 1977 wani likita Bajamushe, Andreas Grüntzig, ya fara buɗe jijiyar zuciyar mutum da balan-balan a Zurik ta ƙasar Suwizalan, ba ƙarfe ba komai, kuma cikin kowane mutum goma uku zuwa biyar jijiyarsu takan sake tsukewa. A 1986 aka fara sa ƙarfe, Jacques Puel a Tulus ta Faransa da Ulrich Sigwart a Lozan, abin ya ragu zuwa kamar kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Sai a 2002 a Turai, 2003 a Amurka, aka fito da ƙarfe mai ɗauke da magani a jikinsa yana sakinsa a hankali, shi ne ya sauko da abin ƙasa da kashi 10 cikin 100. Maganin farko, sirolimus, daga wata ƙwayar bakteriya da aka samo a turɓayar tsibirin Ista can tsakiyar tekun Fasifik aka ciro shi, na biyu kuma paclitaxel daga ɓawon wata bishiya, wanda dama ana maganin ciwon daji da shi. Yawancin waɗanda ake sawa yanzu masu magani ne, jikokin sirolimus ɗin nan.

To ina gado ya shigo? Likitoci sun lura da wani abu tun a shekarun 1990. A Munik ta Jamus, Adnan Kastrati da abokan aikinsa sun bi mutanen da aka sa wa ƙarfe a wuri fiye da ɗaya, sai suka ga in wuri ɗaya ya sake tsukewa to ɗayan ma ya fi yiwuwa ya tsuke, ko da an cire lissafin ciwon suga da girman jijiya da sauransu. Ma'ana akwai wani abu a jikin shi mutumin, ba a wurin da aka yi aikin kaɗai ba. Daga nan aka shiga farautar ƙwayoyin gado.

Wadda ta fi yin suna ita ce ta ACE, wannan sinadarin da magungunan hawan jini irin su lisinopril ke dannewa. Ƙwayar gadonsa tana kuromosom na 17, wato ɗaya daga cikin ƙunshin da ƙwayoyin gado ke jere a ciki, kuma iri biyu ce, mai wani ɗan guntun DNA a ciki da marar shi, ana ce musu I da D, wanda ya gaji D daga uwa da uba duka yakan fi yawan sinadarin a jini. Bincike na farko-farko a Faransa da Italiya ya nuna kamar masu DD sun fi sake tsukewa, aka yi ta murna an gano. Da mutanen Munik suka gwada a marasa lafiya sama da 1,800 a shekarar 2000 sai suka ga babu wani bambanci. Har ma an gwada ba masu DD maganin danne ACE bayan an sa musu ƙarfe, a Faransa, aka buga sakamakon a 2001, bai rage tsukewar ba sam. Don Allah kar wani ya karanta wannan ya ajiye maganin hawan jininsa, ana ba ka shi ne don wani dalili daban kuma yana aikinsa, abin da bai yi ba kawai shi ne hana tabon cikin ƙarfe.

Kuma haka labarin ya yi ta maimaita kansa. A ɗauko ƙwayar gadon da ke da alaƙa da kumburi, ko da hayayyafar ƙwayoyin tsoka, ko da daskarewar jini, a gwada a mutum ɗari biyu a ga alama, a je a gwada a dubu biyu alamar ta dushe. A Holan an yi wani babban bincike mai suna GENDER, an bi mutum sama da 3,000 da aka buɗe wa jijiya, sun samu wasu 'yan alamu a ƙwayoyin gadon kumburi, daga baya a 2011 suka tace DNA ɗin gaba ɗaya suka nuna wani yanki a kuromosom na 12. Akwai kuma wata mai suna p27, wadda aikinta taka wa ƙwayoyin jiki birki kar su yi ta rabuwa, an samu wani bambanci a cikinta da aka danganta da raguwar tsukewa a masu ƙarfe marar magani. Wannan ta p27 ita ta fi ba ni sha'awa gaskiya, saboda sirolimus ɗin da ake shafa wa ƙarfe ta wannan hanyar yake bi, yana sa p27 ta taru ƙwayoyin tsokar su tsaya cak. Kenan ko me ka gada, maganin jikin ƙarfen ya zo ya danne kowa da kowa, shi ya sa da ƙarfe mai magani ya yaɗu zafin wannan farautar ya ragu sosai. Yau ba wani likitan zuciya da zai tura ka gwajin DNA don ya san ko ƙarfenka zai yi tabo, babu wannan gwajin a tsarin aikinsu, ba a Kaduna ba, ba a Landan ba. Wanda ya ce maka yana da shi ka riƙe aljihunka.

Bambancinsa da sikila kenan. Sikila ƙwayar gado ɗaya ce a kuromosom na 11, harafi ɗaya ya sauya, ka gaji biyu ka kamu, lissafin a fili yake har limami zai iya cewa a kawo takarda kafin a ɗaura aure. Tabon cikin ƙarfe kuwa ƙwayoyin gado ne masu yawa kowace ta ɗan tura kaɗan, cikin kusan dubu ashirin da mutum ke da su.

Ga kuma wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Duba sunayen wuraren da na lissafa, Munik, Holan, Faransa, Italiya. Turawa aka gwada. Mafi yawan binciken DNA na duniya a kan 'yan asalin Turai aka yi shi, 'yan Afirka ɗan kaɗan ne a ciki, alhali Afirka ce ta fi ko'ina bambancin ƙwayoyin gado tsakanin mutum da mutum. An kafa shirin H3Africa a 2010 don a rage wannan giɓin, ana ƙoƙari, amma ko da gobe Turawa sun fito da jerin ƙwayoyin gadon da suka tabbatar, sai an sake gwada shi a kan Bahaushe da Bafulatani da Bagwari da Bajju kafin a ce ya shafe mu. Ga asibitin koyarwa na ABU a Shika nan kusa, ga asibitin Barau Dikko a cikin gari, ga ɗaliban da ke neman abin rubuta digiri na uku, ko rajistar waɗanda aka sa wa ƙarfe a jihar nan aka fara a riƙa bin su shekara-shekara ai an yi wani abu.

Kawuna yana cikin waɗanda abin ya dawo wa. Da aka taru a gidansa a Tudun Wada ana shawarar komawa, yayarsa, wadda mu muke ce wa Hajiya Babba, ta ce "ai ciwon gidanmu ne, haka Baba ya yi, haka Yaya ya yi, ku bar wahalar da shi da tafiye-tafiye." Na ce "Hajiya, Allah ya ƙara miki lafiya, su Baba ai ba a sa musu ƙarfe ba, ciwon zuciyar ne kuka gada, wannan na cikin ƙarfen daban ne kuma ana gyara shi." Kawu da ke kishingiɗe ya ce "kai ɗan nan, to sugan fa, shi ma ba gadon ba ne?" Kuma wallahi ya fi mu gaskiya duka. Suga yana bin dangi, hawan jini yana bin dangi, yawan kolestarol yana bin dangi, akwai ma wani nau'insa na gado zalla da ke samun kamar mutum 1 cikin 250, masu shi kan gamu da ciwon zuciya tun suna da ƙuruciya. Akwai wani kitsen jini kuma da ake rubutawa Lp(a), shi kusan gaba ɗaya gado ne ke yanke yawansa, abinci da motsa jiki ba sa taɓa shi sosai, kuma baƙar fata sun fi Turawa yawansa a jini, gwaji ɗaya a rayuwa ya isa a san matsayin mutum. To ka ga gado yana shigowa, amma ta bayan gida, ta hanyar cututtukan da muka riga muka san sunansu kuma akasarinsu ana iya riƙe su.

Shi sugan shi ne babba. Mai suga jikinsa ya fi yin wannan naman, jijiyoyinsa sun fi ƙanƙanta, wurin da ya tsuke kan yi tsawo. Sai ciwon ƙoda, sai taba, har da shishar da samari suka mayar ado. Sai kuma abubuwan da ba ruwan mara lafiya da su, jijiya siririya ta fi mai faɗi saurin cikewa, dogon ƙarfe ya fi gajere, ƙarfe biyu a jere sun fi ɗaya, sannan in ƙarfen bai buɗe sosai ba ranar da aka sa shi, misali sinadarin kalsiyam ya taru a wurin ya yi tauri kamar alli, to wannan na daga cikin manyan dalilan da ake gani in an leƙa. Shi ya sa yanzu ake zura wata 'yar na'urar ɗaukar hoto cikin jijiyar a tabbatar ya zauna daidai. Wannan na aikin sa ƙarfen kam ba DNA a ciki.

Yanzu maganar hanta. Bayan tsukewa a hankali akwai wani abu dabam da ya fi ta haɗari nesa ba kusa ba, wato jini ya daskare a cikin ƙarfen farat ɗaya ya toshe shi ruf, wannan bugun zuciya ne kai tsaye, yana iya kashewa cikin awanni. Ba kasafai yake faruwa ba amma don shi ake ba mutum magani biyu masu tsinka jini ya haɗa, asfirin, wanda a kemis ɗinmu aka fi sani da Vasoprin, da kuma wanda za ka ga an rubuta clopidogrel a kwalinsa, wasu su ce Plavix, yawanci wata shida zuwa shekara ɗaya gwargwadon yadda likita ya gani. To shi wannan na biyun yadda ka haɗiye shi ba ya aiki, sai hanta ta juya shi tukuna, kuma babban mai juya shin wani sinadari ne da ake kira CYP2C19. A nan gado yake magana da babbar murya. Kusan mutum uku cikin goma suna ɗauke da kwafi ɗaya mai rauni, nasu juyin bai cika ba. Waɗanda suka gaji mai rauni ta uwa da ta uba kuwa kusan ba sa juya shi, suna sha kullum amma kariyar kaɗan ce. Hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta sa babban gargaɗi a kan kwalin a Maris 2010, kuma ƙiyasin da ta bayar shi ne irin waɗannan sun kai kamar kashi 2 cikin 100 a Turawa, 4 a baƙar fata, 14 a 'yan Sin. Wannan gwajin akwai shi da gaske, wasu asibitocin waje na yi, kuma in an ga mutum mai raunin ne sai a sauya masa zuwa ticagrelor ko prasugrel waɗanda ba su dogara da wannan sinadarin haka ba, sai dai sun fi tsada kuma sun fi sa zubar jini, ba kowa ake ba ba. A Holan ma an gwada zaɓar magani bisa gwajin, sakamakon ya fito a 2019, waɗanda aka tace aka bar su a kan clopidogrel ba su fi samun toshewa ba kuma zubar jininsu ya ragu.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne omeprazole. Mu nan kowa na da olsa, da wanda aka gwada da wanda ya yanke wa kansa hukunci, ƙirji na zafi sai a aiki yaro kemis ya sayo omeprazole, in azumi ya zo kuwa har da sahur ake haɗawa. Shi kuma wannan maganin yana danne CYP2C19 ɗin nan dai, wato mutum lafiyayyen hanta ya mayar da kansa kamar wanda ya gaji raunin, FDA ta yi gargaɗi a kai tun 2009. Mai ƙarfe a zuciya da ke buƙatar maganin ciki ya faɗa wa likitansa, akwai pantoprazole da bai cika yin wannan karon ba. Sannan zafin ƙirji a wurin wanda aka sa wa ƙarfe ba a ce masa olsa sai likitan zuciya ya ce olsa ce.

Kuma duk wannan lissafin na hanta bai kai haɗarin ajiye maganin ba. Mutum ya dawo daga Indiya da ledar magani ta wata uku, ta ƙare, ya ji garau, kuɗi sun yi wuya, sai ya bari. Ko za a cire masa haƙori wani ya ce ya dakata da mai tsinka jini na sati guda ba a tambayi likitan zuciya ba. Ko a ce ga wani na gargajiya da ke wanke jijiya a ajiye na bature. A watannin farko, kafin nama ya lulluɓe ƙarfen, daina shan maganin nan shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke jawo toshewar farat ɗaya, ko me mutum ya gada.

In kuma tsukewar ce ta dawo, yawanci tana zuwa da sallama, nauyi ko matsi a ƙirji in an yi tafiya ko an hau bene, ya lafa in an huta, wani lokacin ya bi hannun hagu ko muƙamuƙi, masu suga kuma wani sa'in ba zafi sai haki da gajiya kawai. A ƙarfe marar magani takan bayyana cikin wata shida na farko zuwa shekara, a mai magani tana iya jinkiri, bayan shekaru ma sabon kitse kan iya taruwa a cikin naman da ya rufe ƙarfen, shi ya sa ba a ajiye maganin kolestarol. Ana sake shiga ta hannu kamar na farko, a leƙa a ga dalili, in ƙarfen ne bai buɗe ba a ƙara hura shi da ƙarfi, in tabo ne a sa balan-balan mai shafe da magani ya bar maganin a bango a zare shi, ko a sa wani ƙarfen a cikin na farko, in abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ko jijiyoyi da yawa ne a yi babbar tiyata a ɗauko jijiya daga ƙirji ko ƙafa a kewaye wurin. Likitan da zai yi wannan zai tambayi wane irin ƙarfe aka sa, faɗinsa nawa, tsawonsa nawa, a wace jijiya, yaushe, kuma duk suna cikin ɗan katin da rahoton da ake bayarwa ranar sallama, wasu wuraren har da faifan hoton aikin. Wanda za a yi wa a waje ya karɓo su kafin ya hau jirgi, a ɗauke su a waya kuma a tura wa wani a gida.